Igiyar da rana ta cinye, tumbi ya kasa

A ƙarshen bazarar da ta wuce, a wata kasuwar bisashe da ke arewa da Dakoro, wani mahauci ya yafuto ni in zo in ga abin da ya ciro daga tumbin tunkiya. Dunƙule ne baƙi, a murɗe kamar gammo: baƙar leda, zaruruwan buhu, da guntun igiyar roba shuɗiya da ta ɗaure su wuri guda. Da ya watsa masa ruwa sai ga shuɗin igiyar nan raɗau, kamar jiya aka yanko ta a kanti. Mai tunkiyar yana tsaye. Sau uku ya saya mata maganin tsutsa tun kaka, tana ta ramewa, har ya haƙura ya kawo ta wuƙa.

Ya jujjuya igiyar da sanda, ya ce mini: "Malam, irin wannan igiya in na bar ta bakin rijiya, kafin damina ta koɗe ta zama gari. Yaya cikin da ke narkar da karan hatsi ya kasa narkar da ita?"

Tambayar tana da amsa, kuma amsar tana da amfani ga duk wanda ke sayen bido, tiyo, tamfol ko buhu da kuɗin ƙungiya, da duk wanda bisarsa ke kiwo kusa da gari.

Bido, bahon shayarwa, leda, igiyar roba da buhun dusa duk dangi ɗaya ne. Masana suna kiran su polima. Da ido zai iya ganin cikinsu, da ya ga zaruruwa masu tsawon gaske, kowane zare jerin dubban ƙwayoyin kabon ne riƙe da juna, kowane kabon kuma yana ɗauke da ƙwayoyin haidirojin a gefensa, kamar dangwali da maruƙa ɗaure a jikinsa. Ƙarfin roba daga tsawon zaruruwan nan yake fitowa, da yadda suka sarƙe da juna. In aka gutsuttsura su, kayan yana nan da siffarsa amma ƙarfin ya tafi. Ba sai an yanka su da yawa ba: yanka kaɗan a kowane zare ya isa ya mai da bido mai lanƙwasa ya zama mai tsagewa kamar ƙwarya.

Abin da ke yanka su iskar oksijin ce, wadda muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu. Ƙonewa ce a hankali, babu harshen wuta, babu hayaƙi. Amma oksijin ba ta iya kama lafiyayyen zare da kanta. Sai an buɗe mata ƙofa.

Takalmi ɗaya a ƙofar masallaci

Kowa ya san yadda ake yi ranar Juma'a. Mutum ya fito ya tarar an ɗauke masa takalmi, ƙasa da zafi, sai ya zura na wani ya tafi. Mai wancan ya fito, shi ma ya zura na wani. Takalmi ɗaya ne ya ɓata tun farko, amma kafin masallaci ya watse mutum talatin sun koma gida da abin da ba nasu ba, kuma har yanzu akwai mutum ɗaya tsaye babu takalmi.

Haka abin yake cikin roba. Hasken rana yana da wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ake rubutawa UV a jikin kaya. Idan wannan haske, ko zafi mai tsanani, ya fizge haidirojin ɗaya daga jikin zare, wurin da aka fizge ya zama mara takalmi. Masana suna ce masa radikal. Ba ya iya zama haka. Nan take yake kama oksijin daga iska, kuma ko da ya kama bai ƙoshi ba, sai ya miƙa hannu ya fizge haidirojin daga zaren da ke kusa da shi. Shi ya samu, maƙwabcinsa ya zama sabon radikal. Maƙwabcin ya kama oksijin, ya fizge na wani. Rana sau ɗaya ta taɓa wurin, amma ɓarnar tana ta zagayawa da kanta, har cikin dare.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Inda misalin takalmi ya gaza shi ne nan: kowane wurin da ya kama oksijin ya kuma saci haidirojin, ba ya warkewa. Tabo ne ke zama a wurin, wanda masana ke kira haidiroferoksaid, kuma tabon ba shi da ƙwari. Rana ta sake bugunsa, ko zafi, ko ɗan tsatsar ƙarfe ko jan ƙarfe ya taɓa shi, sai ya rabe biyu, kowane ɓari sabon radikal. Inda ɓarawo ɗaya ke yawo sun zama uku. Ɗaya daga cikin sababbin nan kuma shi ne mai mugun hali, don yakan tsinke zaren da yake kai gida biyu. Yankan da muka ambata ke nan. Sarƙar ba ta tsayawa sai radikal biyu sun ci karo sun kama juna, kuma kafin hakan ta faru kowannensu ya riga ya yi zagaye da yawa.

Wannan bayani ba sabo ba ne. Masana biyu a Ingila, Bolland da Gee, su suka tsara shi a 1946, suna binciken abin da ke tsufar da roba ta itace, irin wadda ake yin taya da ita. Daga baya aka ga tsarin ya hau kan leda da dangoginta. Shi ne kuma ke sa man shanu ya yi ɗaci da wari in ya daɗe, musamman cikin gwangwani mai tsatsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a cikin bayanin shi ne yadda ya warware wani abu da mata masu ɗebo ruwa suka sani tun tuni: bido ba ya tsufa a hankali kamar takalmin fata. Yana nan lafiya lau shekara da shekara, sai a bazara ɗaya ya koɗe, marfin ya tsage, hannun ya cire yana kan jaki. Dalili shi ne masu ƙera roba suna zuba mata maganin tsaro tun a masana'anta. Aikin maganin kamar na mutumin kirki ne da ya zo masallaci da buhun takalma, duk wanda ya rasa sai ya miƙa masa, ba a kai ga ɗaukar na wani ba. Muddin buhun da saura, robar tana nan kamar sabuwa. Amma buhu ne, ƙarewa yake yi. Ranar da ya ƙare, ɓarayi suna ninkuwa babu mai tare su. Shi ya sa kayan da ya fara nuna alama ba ya jimawa bayan nan.

Me ya sa wani kaya ya fi wani daɗewa

Ku duba gindin baho ko bido, sau da yawa za ku ga lamba cikin ƴar alama mai kusurwa uku. Lamba 2 da lamba 4 robar PE ce, ita ake yin bido, tankin ruwa, baƙin tiyo da leda da ita. Lamba 5 robar PP ce, ita ce ta buhun saƙa da yawancin igiyoyin roba. A zaren PP, kabon ɗaya cikin kowane biyu yana riƙe da haidirojin ɗinsa sako-sako, ɓarawo ba ya shan wahalar fizgewa. Don haka buhun dusa da aka bari a rana yake zama gari cikin watanni, bido kuma yana gefensa bai ko girgiza ba. Ba ha'incin mai kanti ba ne kullum, halin robar ne.

Kauri ma yana da nasa. Oksijin da hasken rana daga waje suke shiga, fatar kaya suke fara ci. Tanki mai kauri yana iya yin fari-fari a waje cikinsa na nan da ƙarfi. Leda kuwa da zaren buhu duk jikinsu fata ne, babu cikin da zai tsira.

Sai launi. Baƙin tiyo na ƙwarai yana ɗauke da garin baƙin kabon, kamar kashi 2 cikin 100 ko sama da haka kaɗan, kuma wannan gari yana shanye hasken UV kafin ya kai ga zare. Shi ne sirrin gugan da ake ɗinkawa da tsohuwar robar taya, wanda ke shekaru bakin rijiya. Amma kada baƙi ya ruɗe ku. Baƙar ledar kasuwa da baƙaƙen bokitai masu araha galibi da tsohuwar roba ake yin su, wadda aka tsinto aka sake narkarwa. Irin wannan ta riga ta sha rana a rayuwarta ta farko, maganin tsaronta ya ƙare, tabon da ke haifar da radikal yana cikinta tun ranar da aka saye ta. Baƙin launi a nan yana rufe ido ne kawai. A ganina bahon da ya fi kowane araha a kasuwa shi ne mafi tsada, don sau biyu ko uku za a saye shi.

Zafi shi ne abin da ƙasarmu ta fi kowa. Masu wannan ilimi suna da ƙiyasi: duk ƙarin digiri 10 na zafi, saurin irin wannan ɓarna yakan kusan ninkawa. A Tawa ko Tanut cikin Afrilu da Mayu inuwa kanta tana wuce digiri 40, robar da ke kwance kan rairayi da tsakar rana kuwa ta fi haka nesa, hannu ba ya iya riƙe ta. Tamfol ɗin da aka rubuta masa shekarun aiki a ƙasar sanyi, kada a yi lissafi da wannan adadi a nan.

Cikin tumbi

Yanzu mu koma ga tambayar mai tunkiya. Sarƙar nan tana bukatar haske ko zafi mai yawa don ta tashi, tana bukatar oksijin don ta ci gaba. Cikin tumbi duhu ne. Zafinsa tsaye yake wajen digiri 39. Oksijin kuwa kusan babu, domin ƙananan halittun da ke narkar da abinci a can ba sa rayuwa da ita. Wato ranar da tunkiya ta haɗiye guntun igiya, ta ɗauke shi daga hannun abin da ke iya cin sa ta kai shi ma'ajiya. Shi ya sa shuɗin bai koɗe ba.

Karan hatsi ma polima ne, zare ne mai tsawo, amma na ƙwayoyin sukari, kuma halittun tumbi suna da wuƙar da ke yanka gaɓoɓinsa. Ga zaren roba ba su da wuƙa. Tumbi yana ta juyawa dare da rana kamar yadda ya saba, sai juyawar ta murɗe leda da zare da igiya su zama dunƙule. Dunƙulen ya yi girman da ba ya wucewa gaba, ba ya kuma dawowa baki da tuƙa. Kullum ana ƙara masa.

A nan ne aikin rana ya zama sharri ga makiyayi. Tamfol sabo babu bisar da za ta haɗiye shi. Rana ce ke yayyanka shi daidai baki, iska ta watsa gutsattsarin cikin ciyawa da gindin ƙaya. Mutum ya duba inda ya jefar da buhu bara bai gan shi ba, ya ce ya ruɓe. Bai ruɓe ba, ya rarrabu ne. Ga shi kuma buhun da aka zuba dusa ko gishiri, da ledar da aka ƙulla ƙosai ko mai, suna riƙe ɗanɗano da ƙanshi. Saniya ba ta tsince-tsince, da harshe take naɗowa ta haɗiye. Tumaki ma suna haɗiyar leda. Akuya ta fi su zaɓe, amma akuyar gari da ke kwana kan juji ba ta tsira ba. Abin ya fi muni a ƙarshen rani, lokacin da ciki ba komai, jiki kuma ya rasa gishiri da sinadarin ƙashi, bisa ta shiga lasar ƙasa da tauna ƙashi da tsumma da duk abin da ta samu.

Alamomin ba sa zuwa da gaggawa, shi ya sa ake ruɗewa. Bisa tana cin kaɗan ta bari, tana ramewa amma ciki na nan tulu, gashi ya tashi, nono ya ragu, kashi ya zama kaɗan kuma busasshe, tuƙa ta ragu, kumburin ciki yana zuwa yana komawa. A tunkiya ko akuya, in aka sa hannu biyu aka matsa ciki ta bayan haƙarƙari, wani lokaci ana jin abu mai tauri yana motsi. Yawancin mutane tsutsa suke fara zargi, kuma ba laifi a ba da maganinta sau ɗaya yadda ya kamata. Amma in an ba da, makonni sun wuce babu canji, a daina zuba kuɗi a kira ma'aikacin kiwo ya duba.

Gara in faɗa muku gaskiya: babu maganin da ke narkar da leda cikin tumbi. Ba na kanti, ba na gargajiya. Man gyaɗa ko kanwa suna iya sassauta ciki kwana biyu, dunƙulen yana nan. Duk abin da zai narkar da roba zai kashe bisar kafin ya taɓa robar. Hanya ɗaya ce, likitan bisashe ya tsaga ciki ta hagu ya ciro ya ɗinke. Ana yi, kuma bisa tana tashi in ba a bari ta galabaita ba. Ga saniya mai nono ko ragon da ake ji da shi, aikin ya cancanci kuɗinsa. Ga wadda kuɗin aiki ya fi kuɗinta, gara a yanke shawara tun tana da nama a jiki.

Gwamnatoci sun san matsalar. Muritaniya ta hana leda a farkon 2013, kuma cikin dalilan da hukumominta suka bayar har da yawan shanu da tumakin da ke mutuwa a Nuwakshot saboda cin ta. Nijar ma ta kafa doka a 2014 da ta hana ƙerawa, shigowa, sayarwa da amfani da ledar nan mai laushi. Wanda ya ratsa bayan kasuwar Maraɗi ko Damagaram ya ga bishiyoyin ƙaya sun yi furen leda, ya san inda dokar ta tsaya. Akwai kuma wata leda da ake tallatawa da sunan mai ruɓewa da kanta. Wani irin nata ledar da muka sani ce, an dai zuba mata gishirin ƙarfe don sarƙar radikal ta yi sauri. Tana saurin farfashewa a rana, amma cikin tumbi, inda babu haske babu oksijin, daidai take da ƴar uwarta. Tarayyar Turai ta hana irin wannan tun 2021.

Abin da ke hannunmu

Inuwa ita ce magani mafi araha. Bidon da aka naɗe da tsumma ko tsohon bargo don ruwa ya yi sanyi, an kuma tsawaita ransa ba tare da an sani ba, don an raba shi da haske da zafi lokaci guda. Tiyon da ke kai ruwa daga shato zuwa mashaya a binne shi, ko taƙi ɗaya ne cikin ƙasa. Igiyar rijiya in an gama aiki a naɗe ta a kai ƙarƙashin rumfa, kada a rataye ta kan ƙarfe mai tsatsa. Sirinji da akwatin sanyi na allurar rigakafi su ma roba ne. Marfin akwatin da ya tsattsage ba ya riƙe sanyi, allurar da ta sha zafi kuma ruwa ce kawai ake tsira wa bisa.

Ga masu kula da bankin abincin bisashe, buhunan da aka jibge a waje ana jiran a gyara mangaza suna asara ta fuska biyu. Buhu yana mutuwa, ranar ɗauka ya fashe a hannu. Man da ya rage cikin abincin da aka yi da ƴaƴan auduga ko gyaɗa shi ma yana lalacewa ta wannan hanya, har bisa ta ƙi ci. In babu makawa sai an ajiye a waje, a ɗora kan itace a rufe da zana ko tabarma. Idan ƙungiya za ta sayi tamfol, tanki ko igiya da yawa, a tambayi mai kaya ko akwai rubutun anti-UV a jiki ko a takardar kayan, a sa shi cikin sharaɗin ciniki. Rubutun ba rantsuwa ba ne, amma wanda babu shi ko kaɗan an san matsayinsa.

Gane robar da ta kusa mutuwa ba wuya. A shafa ta da yatsa: in farin gari ya biyo hannu, fatar ta riga ta ci. A lanƙwasa baki: in ya yi fari a wurin lanƙwasa ko ya yi ƙara, saura kaɗan. Igiya a murɗa ta baya, in ƙura ta tashi daga tsakiya kada a sake saka ta rijiya, balle a ɗaure sa da ita. Lokacin da kaya ya nuna haka shi ne lokacin ɗauke shi daga inda bisashe suke, tun yana guda ɗaya da hannu zai iya ɗauka. Wata biyu bayan nan sai da tsintsiya, kuma tsintsiya ba ta share daji.

Inda za a kai shi ne ke da wuya, ban kuma ce muna da cikakkiyar hanya ba. Roba mai tauri, irin su baho da bido, masu sayen tsofaffin robobi a manyan garuruwa suna karɓa. Leda da buhu da igiya a tara su a rami mai zurfi nesa da rijiya da makiyaya, a rufe da ƙasa sosai. Ƙonawa kusa da gida ko garke ba shi da kyau, hayaƙin yana cutar da ƙirji, na farin tiyon PVC mai lamba 3 ya fi kowane muni.

Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa a ajiye wa bisashe dutsen lasa ko gishiri da kanwa a inda suke kwana, don bisar da ta samu abin lasa ba ta cika bin juji ba. Wanda ke kwance damin harawa ko buhun dusa kuma, zaren da ya yanke ya sa shi aljihu, kada ya bar shi cikin akurkin abinci. Guntun shuɗiyar igiyar nan ta Dakoro, da muka warware ta, ƙullin da aka ɗaure harawa da shi yana nan a jikinta.